TAFIYA TSIBIRIN IKKO: YANAYINSA, LOKACIN ZUWA DA KAYAN TAFIYA

Jama'a, kowace shekara in an gama kaka, mutanen ƙasar Zazzau da yawa su kan ɗaure kaya su nufi kudu. Waɗansu cin rani ke kai su, waɗansu fatauci, waɗansu kuwa ziyarar 'yan'uwa. Da yawa cikinsu Ikko su ke zuwa, watau garin da a ke kira Legas. Wani ya kan komo da riba, wani kuwa ya komo da ciwo da hasara. Sau da yawa abin da ya raba su bai wuce abu biyu ba: sanin lokacin tafiya, da sanin kayan da za a riƙa. Darasinmu na yau ke nan. Ku karanta a hankali, domin mai yiwuwa ne wata rana ya yi muku amfani, ko ya yi wa 'ya'yanku.

1. MENE NE TSIBIRI?

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Wanda ya taɓa zuwa bakin kogin Galma da rani ya ga tudun rairayi a tsakiyar ruwa, to, ya ga ƙaramin tsibiri. Amma akwai manyan tsibirai masu garuruwa da kasuwanni da gonaki.

Tsohon garin Ikko a kan tsibiri ya ke. Yarbawa suna ce da shi Eko, daga nan mu ka sami sunan Ikko. Turawan Fotugal ne su ka sa masa suna Legas, ma'anarsa a bakinsu tafkuna. Wani babban tafki ne ya kewaye tsibirin, tafkin kuwa yana haɗe da tekun Atalantika. Ingilishi sun karɓi garin cikin 1861. Shi ne babban birnin Nijeriya daga 1914 har 1991, sa'ad da aka koma Abuja.

Gadoji uku su ka haɗa tsibirin da sauran ƙasa. Wadda ta fi tsufa ita ce gadar Kata, an gina ta cikin 1901. Wadda ta fi tsawo an buɗe ta cikin 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12. Yanzu gari ya bunƙasa ya haye ruwa ƙwarai. Agege da kasuwar Mil 12, inda Hausawa su ke da yawa, ba a kan tsibirin su ke ba, amma duk yanayinsu ɗaya ne, gama duk kusa da teku su ke.

Tun 1912 hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano, ta bi ta Zariya. Daga Zariya zuwa Ikko ta wannan hanya kusan kilomita 1,000 ne. Yanzu yawancin matafiya mota su ke shiga.

2. ABIN DA YA SAME NI

Bari in ba ku labarin zuwana na farko, domin ku san ba da ka na ke magana ba.

Sa'ad da na ke makarantar horon malamai, wani kawuna, maɗinki a cikin birnin Zariya, ya ba ni manyan riguna huɗu in kai wa wani mai saye a Ikko. Wata da watanni ya yi yana zaune a zaure yana yi musu aiki da allura. Cikin watan Yuni ne. Na naɗe rigunan na sa a kwali, na ɗaure da igiya. Na ɗauki bargona, da rigar sanyi, da sabon takalmina na fata. Ban ɗauki laima ba, ban tambayi kowa kome ba.

Muna isa, ruwa ya sauko. Na ce a raina, yanzu zai ɗauke, kamar yadda ya kan yi a gida. Ina! Aka wuni ana yi, aka kwana ana yi. Kafin in kai masauki kwali ya jiƙe ya narke. Na shanya rigunan a ɗaki, kwana uku ba su bushe ba. Ran na huɗu sai na ga waɗansu baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun fito wa biyu daga ciki. Takalmina kuwa da na ajiye ƙarƙashin gado ya yi fari fat da fumfuna.

Mai masaukina, wani dattijo Bakatsine da ya daɗe can, ya dube ni ya ce, "Yaro, wa ya ce ka zo garin nan da kwali a watan Yuni?"

Na ce, "Baba, ai na zaci damina duk ɗaya ce."

Ya girgiza kai ya ce, "Baƙo ko da ido makaho ne. Da ka aiko ka tambaya, ai da ba ka yi wa kawunka hasara ba."

Mai saye ya karɓi riguna biyu, ya ƙi biyu. Kawuna bai yi mini faɗa ba, amma har yau in na tuna da wahalar da ya sha a kan rigunan nan sai kunya ta kama ni. Bargon kuwa, yadda na tafi da shi haka na komo da shi, ko sau ɗaya ban lulluɓa ba.

3. ME YA SA YANAYIN TSIBIRI YA BAMBANTA DA NAMU?

Iska biyu ke mulkin ƙasarmu. Ɗaya tana fitowa daga hamada, ta arewa maso gabas. Busasshiya ce, ita ke kawo mana hunturu da hazo. Ɗaya kuwa tana fitowa daga teku, ta kudu maso yamma. Tana ɗauke da laima, ita ke kawo damina. Mu a Zariya muna nesa da teku, saboda haka iskar hamada ta kan yi kusan rabin shekara a kanmu. Ikko kuwa a bakin teku ta ke, iskar teku ba ta cika barinta ba.

Ga wani gwaji da za ku yi a gida. Ku sami ƙwarya biyu, ku cika ɗaya da rairayi, ɗaya da ruwa, ku ajiye a rana tun da hantsi. Da azahar ku taɓa. Za ku ji rairayi ya yi zafi jau, ruwa kuwa ɗumi kaɗai ya yi. Ku bar su a waje, bayan lisha ku sāke taɓawa. Za ku ji rairayi ya huce sarai, ruwa kuwa da sauran ɗuminsa. Watau ƙasa ta kan yi saurin ɗaukar zafi, ta yi saurin hucewa, ruwa kuwa ba ya gaggawa.

Wannan shi ya sa garin da ruwa ya kewaye ba ya zafi mai tsanani, ba ya kuma sanyi mai tsanani. A Zariya da bazara awon zafi ya kan haura digiri 35 da rana, da hunturu kuwa ya kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba. A Ikko yawanci tsakanin digiri 23 da 33 ya ke yawo duk shekara.

Wani zai ce, "Malam, in haka ne ashe Ikko ta fi Zariya daɗin zama." To, akwai saura. Iskar can cike ta ke da laima. Tsumman da ya riga ya jiƙe ba ya shan wani ruwa. Haka iskar Ikko ta ke, ba ta shanye zufa. A nan gida in ka yi zufa, nan da nan iska ta busar da ita, ka ji sanyi-sanyi. A can kuwa zufa sai ta zauna a jiki, riga ta manne, dare ya yi mutum ya kasa barci. Wannan laima ita ke hana wanki bushewa, ita ke sa fata fumfuna. Gishirin teku da ke cikin iska kuma ya kan sa ƙarfe tsatsa da wuri.

Masu sayar da goro sun san wannan magana ta wani gefe. In goro ya zo Arewa sai an naɗe shi cikin ganye ana yayyafa masa ruwa, don kada iskarmu ta busar da shi. To, kayanmu in sun je kudu akasin haka su ke bukata, watau a tsare su daga laima.

Akwai wani alheri guda. Da rana in ƙasa ta yi zafi, iska mai sanyi ta kan taso daga teku ta shigo gari, musamman da la'asar. Saboda haka in kana neman ɗaki, nemi mai taga biyu wanda iska ke ratsawa.

4. DAMINAR IKKO

Ma'aikatan awon ruwan sama suna auna shi da milimita. Milimita 1,000 su ne mita ɗaya. A Zariya a kan sami wajen milimita 1,000 a shekara. Watau da za a tara ruwan shekara guda a inda ya faɗi, bai tsiyaye ba, bai ƙafe ba, da ya kai wa babban mutum cibiya. A Ikko a kan sami fiye da milimita 1,500, watau ya kai masa wuya ko ya fi.

Mu daminarmu ɗaya ce, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, marka kuwa cikin Agusta. Ikko damina biyu gare ta. Ga yadda shekararsu ta ke:

Afrilu zuwa Yuli: babbar damina. Yuni ya fi kowane wata ruwa, shi kaɗai ya kan ba da milimita 300 ko fiye.

Agusta: ruwa ya kan ja baya. Gari ya kan yi lumshi da sanyi-sanyi, da ɗan yayyafi.

Satumba zuwa farkon Nuwamba: ƙaramar damina.

Disamba zuwa Fabrairu: rani. Hunturu ya kan leƙa na 'yan kwanaki cikin Disamba ko Janairu, amma ba shi da ƙarfi kamar namu. Ko da rani ma a kan yi ruwa jefi-jefi.

Fabrairu da Maris: su ne su ka fi zafi da gumi.

Ku lura da abin mamaki. Watan da mu ke cikin marka, shi ne watan da su ke samun sarari. Dalili kuwa, hadari ya kan biyo iskar teku ya yi ta hawowa arewa. Cikin Yuni ƙarfinsa yana kan Ikko, cikin Agusta ya iso kanmu, sa'an nan in zai koma kudu ya sāke bi ta kansu cikin Satumba da Oktoba.

Zariya tana kan tudu, ta ɗara teku da fiye da mita 600, saboda haka in an yi ruwa sai ya gangara Kubanni ya wuce. Tsibirin Ikko kuwa kaɗan ya ɗara teku, ruwa ba shi da wurin gudu. In an yi mai yawa sai ya kwanta a titi, ya shiga gidaje da rumfunan kasuwa. Ran 10 ga Yuli 2011 an wuni ana ruwa a Ikko, aka yi ambaliya, aka yi hasarar rayuka da dukiya. Cikin Yuni 2024 kuma cutar amai da gudawa, wadda a ke kira kwalara, ta ɓulla, ta fi tsanani a kan tsibirin. Ruwan ambaliya ya kan kwashi ƙazanta ya zuba cikin ruwan sha, daga nan ciwo ke tashi.

5. YAUSHE YA KAMATA A TAFI?

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu. Ruwa ya yi sauƙi, hanya ta bushe, zafi kuwa bai tsananta ba tukuna. Allah ya taimaki manomi, gama lokacin ya zo daidai da ƙarewar aikin gona. Wanda ya girbe dawarsa ya sa a rumbu, Janairu ne watansa.

Amma a kula da makon ƙarshe na Disamba. Lokacin bukin Kirsimeti ne da sabuwar shekara. Hanya ta kan cika, kuɗin mota ya kan hau. Haka kuma in salla ta gabato. Wanda ba shi da uzuri ya dakata har a watse.

Agusta ba laifi ga ɗan kasuwa, amma ba na manomi ba ne, gama ba mai barin gonarsa a tsakiyar damina. Ban da haka kuma hanyar da za ka bi daga nan tana cikin marka.

Yuni da Yuli kuwa, in ba tilas ba, a haƙura. Tsoho, da mai ciki, da mai jinya, da ƙaramin yaro, kada a kai su cikin watannin nan sai da larura.

Mai cin rani kada ya manta da ranar komowa. Ya yi ƙoƙari ya iso gida cikin Afrilu, ya yi sharar gona, ya kai taki, kafin ruwan shuka. Kuɗin da za ka samu can cikin wata guda ba zai biya maka daminar da ka rasa ba.

6. KAYAN DA ZA KA RIƘA

Tufafi. Ka ɗauki marasa nauyi, na auduga, masu shan iska, kamar kala uku ko huɗu, domin za ka riƙa sakewa kullum, wanki kuwa ba ya bushewa da wuri. Yadin roba ya kan ƙara zufa ya kawo ƙurajen zafi. Babbar riga ɗaya ta isa don Jumma'a. Mata su ɗauki atamfa da mayafi marar kauri.

Mayafi. Bargo ba shi da aiki a Ikko. Amma in da hunturu za ka tashi, riƙe rigar sanyi ɗaya saboda hanya, gama daren farko a mota da ɗari.

Takalmi. Na roba ya fi. In ka tafi da na fata, kada ka ajiye shi a ƙasa ko cikin akwati a rufe. Rataye shi, ka riƙa fitar da shi rana.

Laima ko rigar ruwa. Ko da rani za ka, kada ka bar ta.

Gidan sauro. Mu a nan sauro ya kan ragu da rani. A can ruwa ba ya ƙarewa, saboda haka sauro ba ya ƙarewa. Ka nemi gidan sauro mai magani, ka ɗaura tun daren farko. In ka ji zazzaɓi, je asibiti a gwada jininka, kada ka tsaya jira.

Leda mai kauri. Kuɗi, da katin shaida, da waya, da takardar da aka rubuta sunan unguwa da lambar mai masaukinka, duk ka ƙulle cikin leda ka sa a jikinka. Ka ga amfanin karatu ke nan: wanda ya iya karanta sunan titi da allon mota ba ya ɓata da sauƙi.

Buta, da darduma, da tocila, da sabulu. Ka sani kuma Ikko tana yamma da mu, rana ta kan yi tsaka a can bayan ta yi a Zariya da wajen minti 17. Saboda haka ka bi kiran sallar masallacin unguwa, kada ka bi lokacin gida.

Guzuri. Kilishi, da ƙuli-ƙuli, da garin kuka, da yaji, da daddawa, duk suna jan laima su lalace. Ka zuba su cikin gwangwani ko roba mai murfi, ka rufe kam. Kada ka ɗauki fiye da abin da za ka ci cikin 'yan kwanaki.

Kayan sana'a da na sayarwa. Maɗinki ya shafa wa almakashi da keke mai, ya ajiye allurai cikin kwalba. Wanzami da mahauci su goge aska da wuƙa su shafa mai kowane dare. Riguna da hula da kayan fata a tabbata sun bushe sarai, a sa cikin leda, sa'an nan a sa cikin jaka. Kada a sa a kwali. In an isa a ɗora bisa katako ko benci, kada a jingina da bango.

7. KASHEDI UKU

Na ɗaya, ruwan sha. Kada ka sha ruwan da ba ka san asalinsa ba. In kana shakka, tafasa shi. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan ka fito daga bayan gida. In gudawa ta kama wani, a sami ruwa mai tsabta lita 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a dama, a yi ta ba shi yana kurɓa, a kuma gaggauta kai shi asibiti.

Na biyu, ruwan titi. In ruwa ya rufe hanya kada ka kutsa, gama ba ka ganin inda lambatu ya ke, wani lambatun kuwa ya fi tsayinka zurfi. Tsaya ka ga inda 'yan gari ke bi.

Na uku, teku. Teku ba Kubanni ba ce. Tana hawa tana sauka sau biyu cikin kwana guda, igiyar ruwanta kuma tana da ja ƙwarai. Ko ka iya iyo a kogi, kada ka shiga. Tsaya nesa ka yi kallon ikon Allah. In za ka shiga jirgin ruwa ko kwalekwale, sai ka sa rigar da ke hana nutsewa, kada kuma ka shiga wanda ya cika fiye da kima, ko ka shiga da dare.

8. WAƊANSU TSIBIRAI

Ba Ikko kaɗai ce tsibiri a ƙasashen zafi ba, kowane kuwa da lokacinsa. Kudu da Kalaba, cikin teku, akwai tsibirin Biyoko, wanda a dā a ke kira Farnando Po. Mutanen Nijeriya da yawa sun yi ƙodago a gonakin koko na can. A kudancinsa akwai wurin da a kan sami ruwa wajen milimita 10,000 a shekara, watau ninkin na Zariya goma. A gabashin Afirka kuma akwai Zanzibar, cikin ƙasar Tanzaniya, inda babbar damina ta kan faɗo daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da mu ke fama da bazara.

Saboda haka duk inda za ka, kafin ka ɗaure kaya ka tambayi wanda ya san wurin abu uku: Wane wata a ke ruwa? Wane ciwo ya fi damun baƙi? Wane kaya ke lalacewa? Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.

TAMBAYOYI

1. Mene ne tsibiri?
2. Waɗanne iskoki biyu ke kawo mana hunturu da damina?
3. Me ya sa zufa ba ta bushewa a Ikko?
4. Wane wata ya fi ruwa a Ikko? Wane ne ya fi ruwa a Zariya?
5. Wane wata ya fi dacewa manomi ya tafi, yaushe kuma ya kamata ya komo?
6. Faɗi abu biyar da za ka riƙa, da abu ɗaya da za ka bari a gida.

LISSAFI

1. A ce an sami ruwa milimita 1,600 a Ikko, an sami 1,000 a Zariya. Nawa ne bambanci?
2. Mutum ya tashi ran 5 ga Janairu, ya komo ran 5 ga Afrilu. Wata nawa ya yi?
3. In lita 1 tana cin sukari cokali 6, cokali nawa lita 3 za ta ci?

RUBUTU

Rubuta wa ɗan'uwanka da ke Ikko takarda mai layi biyar. Gaya masa watan da za ka zo, ka tambaye shi halin ruwa da kayan da ya kamata ka riƙo. Ka kawo takardar aji mako mai zuwa, a karanta a gaban jama'a.